Matse Bidiyo a Kyamara: Wane Saiti Ya Dace da Mai Ɗaukar Tsaunuka, Koguna da Dazuzzuka?

Duk wanda ya taɓa kafa kyamara a bakin kogi ya ɗauki faɗuwar rana, sannan ya koma ya buɗe bidiyon a kan babban allo, da wuya bai ci karo da aibi biyu da ɗan ƙaramin allon kyamarar ya ɓoye masa ba. Sararin samaniya da ido ya gani yana narkewa sannu a hankali daga ja zuwa shuɗi sai ya fito hawa-hawa, launi kan launi, da iyaka a tsakaninsu kamar matakala. Ganyen bishiyoyin da iska ke kaɗawa a ƙetaren ruwa kuwa sai ya cuɗe ya dagule, har a kasa bambance ganye da reshe. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan gilashin gaban kyamara ko a kan arharta, alhali sau tari matsalar tana cikin wani shafi na saiti da ba a cika leƙawa ba, wato inda ake zaɓar yadda kyamara za ta matse bidiyo kafin ta rubuta shi a katin memori.

Dalilin matsewar lissafi ne mai sauƙi. Hoto ɗaya na 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, jimilla ɗigo miliyan 8 da dubu ɗari uku ke nan, kaɗan ya rage. Idan kowane ɗigo ya ci bit 24 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai) domin launukansa uku, ja, kore da shuɗi, kuma ana ɗaukar hoto 25 a kowane sakan, to bayanan da ke kwarara sun kai kusan gigabit 5 a sakan ɗaya, wato kimanin gigabait 37 a minti guda, tunda bait ɗaya bit takwas ne. Katin gigabait 64 ba zai riƙe minti biyu ba. Kyamarar da ke rubuta megabit 100 a sakan tana taƙaita waɗannan bayanai ne zuwa kashi ɗaya cikin hamsin, kuma ba ta da hanyar yin haka sai ta zubar da wani abu har abada. Aikin manhajar matsewa, wadda ake kira kodek, shi ne ta yanke shawarar abin da za ta zubar ba tare da ido ya lura ba, kuma a mafi yawan lokuta tana yin nasara.

Shimfiɗar ƙasa tana cikin wuraren da wannan nasara ke yin wuya. Mutumin da ke zaune yana magana a gaban bango aiki ne mai sauƙi ga kodek, domin bangon ba ya motsi, fuskar kuma ba ta cika firem ba, wato hoto ɗaya daga cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. Daji, ciyawa, ruwa mai gudu da yayyafi kuwa suna cika firem daga kusurwa zuwa kusurwa da ƙananan abubuwa dubbai, kowanne yana motsin kansa ba tare da wani tsari da za a iya hasashensa ba. A ɗaya ɓangaren akwai sama, hazo da gajimare, waɗanda ba su da ƙananan abubuwa ko kaɗan, amma launinsu yana sauyawa da taushin da ke buƙatar matakai masu yawa kafin a kwaikwaye shi. Waɗannan matsaloli biyu magungunansu daban-daban ne, kuma rashin rarrabe su shi ke sa mutum ya ɗaga saitin da ba shi ne ke ciwo ba, ya cika katinsa, aibin kuma yana nan.

Mu fara da sama, domin a ganina nan ne zaɓin da ya fi kowanne muhimmanci yake. A jerin saiti za a ga 8-bit da 10-bit. Na farko yana ba kowane launi daga cikin launuka uku matakai 256 daga duhu zuwa haske, na biyu kuma matakai 1024, wato ninki huɗu. A aikace ma bidiyo ba ya amfani da matakan gaba ɗaya, domin a tsarin da aka saba 8-bit yana aiki ne tsakanin lamba 16 da 235. Yanzu a ɗauka sararin sama ya mamaye rabin firem, kuma bambancin hasken da ke tsakanin ƙasansa da samansa bai wuce matakai talatin ba. Waɗannan matakai talatin za a shimfiɗa su a kan layin ɗigo sama da dubu, kowane mataki ya zama ɗamara mai faɗi, kuma da zarar an ƙara wa hoton ƙarfin launi ko bambancin haske wajen tacewa sai ɗamarun su fito fili. A 10-bit wannan tazara za ta sami matakai ɗari da ashirin, kowanne siriri ne ƙwarai, ido ba ya kama iyakarsa. Ƙarin megabit ba ya ƙirƙiro matakan da ba a rubuta ba tun farko, shi ya sa bidiyon 8-bit mai nauyi zai iya nuna hawa-hawa a inda bidiyon 10-bit mai matsakaicin nauyi ya fito sumul.

Wannan batu yana ƙara tsanani idan aka kunna tsarin launi na log, wanda Sony ke kira S-Log, Canon ke kira C-Log, Panasonic V-Log, Fujifilm F-Log, Nikon kuma N-Log. Log yana tattara haske mai faɗi, daga inuwar ƙarƙashin dutse har zuwa gefen gajimare mai ƙyalli, ya cusa shi cikin matakan da ake da su, shi ya sa hotonsa ke fitowa fari-fari kamar an wanke shi. Daga baya sai an miƙe shi a kwamfuta kafin ya koma kamannin da ido ya sani. Miƙe matakai ɗari biyu da 'yan kai aiki ne da ke yaga sararin sama, don haka ba na ba mai kyamarar 8-bit shawarar ya riƙa ɗaukar shimfiɗar ƙasa da log. Ya fi masa alheri ya zaɓi tsarin launi na yau da kullum mai taushi, ya daidaita haske da farin launi tun a wurin ɗauka, ya rage abin da zai taɓa daga baya. Kyamarori irin su Sony A7 III ta shekarar 2018, wadda ke rubuta 4K a 8-bit da megabit 100, suna ba da hoto mai kyau ƙwarai idan aka bi da su ta wannan hanya. Yana da kyau kuma a san cewa a wasu kyamarori 10-bit ba ya zuwa shi kaɗai: a Canon R6, alal misali, sai an kunna C-Log ko wani tsarin launi mai suna HDR PQ kafin a same shi, kuma a lokacin kyamarar tana komawa kodek na H.265.

Kusa da lambar bit akan ga 4:2:0 ko 4:2:2. Idon ɗan Adam ya fi kaifi wajen ganin haske da duhu fiye da launi, saboda haka bidiyo yana rubuta hasken kowane ɗigo amma yana raba bayanin launi ɗaya ga ɗigo huɗu a 4:2:0, ko ga ɗigo biyu a 4:2:2. Masu ɗaukar mutum a gaban koren bango domin su cire bangon a kwamfuta suna matuƙar buƙatar 4:2:2. Mai ɗaukar tsauni da kwari ba zai ga bambancin ba sai ya ƙura ido a kan jan fure a cikin koren ganye, kuma idan zai fitar da aikinsa a 1080 daga 4K, to launin 4:2:0 ɗin ma ya riga ya cika ɗigo 1920 da 1080 cif. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin 10-bit 4:2:0 da 8-bit 4:2:2, na farkon zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Sai matsala ta biyu, ta ganye da ruwa, kuma a nan ne ruɗani ya fi yawa. Kyamarori suna ba da hanyoyi biyu na matsewa. A hanya ta farko, wadda ake rubutawa All-I ko All-Intra, kowane firem ana matse shi shi kaɗai kamar hoton JPEG, ba ya dogara da na gabansa ko na bayansa. A hanya ta biyu, wadda Panasonic da Fujifilm ke kira Long GOP, Canon kuma ke kira IPB, kyamara tana rubuta cikakken firem ɗaya, sannan firem ɗin da ke biye ta rubuta bambancin da ke tsakaninsu kawai: wannan yanki bai canja ba, wancan ya matsa dama da ɗigo uku, wancan kuma sabo ne. Wasu firem ɗin suna duban baya kaɗai, wasu suna duban gaba da baya, har a kai ga cikakken firem na gaba bayan rabin sakan ko sakan guda ko makamancin haka.

Saboda All-I yana zuwa da babbar lambar megabit, mutane sukan ɗauka shi ne mafi inganci a kowane hali. Lissafi bai goyi bayan wannan zato kai tsaye ba. Panasonic GH5 ta shekarar 2017 tana ba da 4K a megabit 400 All-I ko megabit 150 Long GOP. A firem 25 cikin sakan, megabit 400 yana nufin kowane firem ya sami megabait 2, kuma dole ya sake zana dutsen, da sama, da gaɓar kogin daga tushe sau ashirin da biyar a kowane sakan, ko da ba abin da ya motsa. Long GOP a kan ƙafar kyamara mai tsayawa cak yana zana dutsen sau ɗaya da kyau, sannan ya karkatar da kusan duk abin da ya rage masa zuwa ga ruwan da ke gudu. A irin wannan ɗauka, wadda ita ce mafi yawan aikin mai ɗaukar shimfiɗar ƙasa, megabit 150 zai iya yin kafaɗa da kafaɗa da 400, alhali ya ci ƙasa da rabin wurin. All-I mai ƙaramar lamba kuwa, a ce megabit 200 a 4K, yana iya zama ƙasa da Long GOP na megabit 100 a ingancin ƙananan abubuwa, domin rabon kowane firem bai isa ba.

Inda All-I ke nuna amfaninsa shi ne lokacin da hasashe ya gagara. Idan magangarar ruwa ta cika firem, ko ana juya kyamara da sauri a cikin kurmi, ko guguwa tana girgiza kowace bishiya, ko igiyar teku tana fashewa a kan duwatsu, to firem na biyu bai yi kama da na farko ba ta yadda za a yi aro daga gare shi. Long GOP mai ƙarancin megabit a nan yakan farfashe ya koma murabba'ai, ko kuma ya nuna wani aibi mai kama da numfashi, inda ciyawa ke yin kaifi a lokacin cikakken firem sannan ta dushe a hankali har wani ya zo. All-I ba ya numfashi irin wannan, ingancinsa ɗaya ne daga firem zuwa firem. Yana kuma da sauƙi ga kwamfuta wajen tacewa, domin idan aka tsaya a kan firem ba sai ta koma baya ta gina shi daga maƙwabtansa ba. Saboda haka hanya mai ma'ana ita ce Long GOP mai wadataccen megabit ya zama saitin kullum, a koma All-I domin 'yan wuraren da motsi ya mamaye komai. A kyamarorin Canon akwai IPB mai sauƙin nauyi, wanda ke rage megabit sosai. Wannan bai dace da daji ko ruwa ba.

Game da kodek ɗin kansa, zaɓin yawanci tsakanin H.264 ne da H.265. An kammala na farko a 2003, na biyu kuma, wanda ake kira HEVC, a 2013, da burin ba da inganci iri ɗaya a kusan rabin nauyi. Ɗaya daga cikin dabarunsa ita ce yana iya yanka hoto zuwa yankuna masu girman ɗigo 64 sau 64, maimakon 16 sau 16 na H.264, ta yadda faffaɗan sama ba ya cin bayanai da yawa, ragowar ta tafi ga ganye. Ribar tasa ta fi bayyana a ƙananan megabit. Idan aka kai megabit ɗari biyu zuwa sama tazarar takan ragu. A Sony, XAVC S shi ne H.264 Long GOP, XAVC HS shi ne H.265, XAVC S-I kuma shi ne All-I. Wahalar H.265 tana kan kwamfuta. Tsohuwar kwamfuta da ba ta da sashen warware shi a cikin na'urarta za ta riƙa sarƙewa, musamman da nau'in 10-bit 4:2:2, wanda kwamfutocin Apple masu M1 zuwa sama da sababbin na'urorin Intel ke iya warwarewa kai tsaye amma katunan sarrafa hoto na cikin kwamfuta da yawa na shekarun baya ba sa iyawa. Wannan ba dalili ba ne na rage ingancin ɗauka, domin manhajojin tacewa irin su DaVinci Resolve da Premiere Pro suna iya yin kwafi mara nauyi da za a yi aiki da shi, sannan su koma ga na asali lokacin fitarwa. Kodek ɗin ProRes na Apple, wanda wasu kyamarori ke rubutawa a ciki, yana da daɗin tacewa ƙwarai, sai dai nau'insa na HQ a 4K yana cin sama da megabit 700, fiye da gigabait 5 a minti, kuma wannan nauyi ya wuce buƙatar mai ɗauka don sha'awa.

Katin memori yana da nasa hukunci, kuma a nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Kyamara tana ƙirga megabit, kati kuma yana ƙirga megabait, kuma bait ɗaya bit takwas ne. Megabit 100 daidai yake da megabait 12.5 a sakan, wato gigabait 45 a awa. Megabit 400 kuwa megabait 50 ne a sakan, gigabait 180 a awa, ma'ana katin gigabait 128 zai cika cikin minti arba'in da 'yan kai. Babbar lambar da ake bugawa a fuskar kati galibi saurin karantawa ce. Abin dubawa shi ne alamar V, wadda ke nuna mafi ƙarancin saurin rubutu da katin ya yi alkawari. V30 yana ɗaukar har megabit 240, V60 har 480, V90 kuma har 720. Duk wanda zai yi tafiyar kwana uku a ƙafa ba tare da kwamfuta ba ya kamata ya yi wannan lissafi kafin ya fita, ya kuma tuna cewa abin da ya ɗauka zai buƙaci ajiya a wuri biyu idan ya dawo.

Yawan firem a sakan ma yana taɓa rabon. Idan kyamara ta bar megabit ɗin a wuri ɗaya aka ninka firem daga 25 zuwa 50, ko daga 30 zuwa 60, to matsakaicin rabon kowane firem ya ragu da rabi. A Long GOP asarar ba ta kai haka ba, tunda firem ɗin da ke kusa da juna sun fi kama, amma tana nan, kuma tana ƙara fitowa idan aka rage gudun bidiyon daga baya. Tsauni ba ya gudu, don haka 24, 25 ko 30 sun wadatar ga yawancin ɗauka, a bar 50 da 60 domin ruwa ko tsuntsun da ake son a nuna a hankali.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne yadda halin mai ɗauka ke taimakon kodek fiye da yadda saiti ke yi. Kyamarar da ke hannu tana rawa, kuma kowace rawa tana tilasta wa kodek ya sake lissafin dukan firem; ɗora kyamarar a kan ƙafa uku yana mayar masa da waɗannan bayanai kyauta. Babban ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a wuri mai duhu, yana cika hoto da tsaki-tsaki masu canja wuri a kowane firem, kodek kuma ba ya iya bambance su da ainihin ganye, sai ya ɓata rabonsa wajen rubuta su. Ƙarin kaifi da kyamara ke yi wa hoto da kanta yana ƙirƙirar gefuna masu tsauri da ke cin bayanai, don haka ya fi kyau a sassauta shi a ƙara daga baya. Haka nan saurin shota, wato tsawon lokacin da kowane firem ke karɓar haske: idan aka bar shi a 1/1000 na sakan saboda rana ta yi ƙarfi, kowane ɗigon ruwa da kowane ganye zai daskare da kaifi a kowane firem, aikin ya yi wa kodek yawa, motsin kuma ya fito yana tsalle. Idan aka sa gilashin rage haske na ND aka dawo da shota zuwa 1/50 a firem 25, ko 1/60 a firem 30, abin da ke motsi zai sami ɗan dishi na ɗabi'a wanda ido ke so kuma yake da sauƙin matsewa. Juya kyamara a hankali ma haka yake, yana ba kodek damar bin sawun abin da ke wucewa.

Akwai mai cewa duk wannan wahalar banza ce tunda YouTube zai sake matse bidiyon ko ta yaya. Gaskiya ne zai sake matsewa, kuma shawarar da kamfanin ke bayarwa ga mai ɗora 4K na yau da kullum ita ce megabit 35 zuwa 45 a firem 24 zuwa 30, ƙasa da abin da kyamara ke rubutawa nesa ba kusa ba. Amma matsewa ta biyu tana ginuwa ne a kan ta farko. Idan asalin yana da murabba'ai da hawa-hawa, kodek na biyu zai ɗauke su tamkar wani ɓangare ne na hoton, ya kashe rabonsa wajen adana su, sannan ya ƙara nasa a kai. Tsakanin kyamara da mai kallo akwai matsewa aƙalla uku, ta ɗauka, ta fitarwa daga manhajar tacewa, da ta dandalin da aka ɗora, kuma ta farkon ce kaɗai ba za a iya maimaitawa ba, domin hasken wannan yammacin ya riga ya wuce.

Tunda kamfanoni ba sa gina kodek ɗinsu da ƙwarewa iri ɗaya, megabit 100 a wata kyamara ba lallai ya yi daidai da megabit 100 a wata ba, kuma hanyar sanin gaskiyar taka ita ce gwaji na rabin awa. A kafa kyamara a gaban bishiya mai yawan ganye a ranar da ake iska, a kulle haske da farin launi, a ɗauki sakan ashirin da kowane saiti, sannan a maimaita ana juya kyamara a hankali. Da magariba a sake yin haka da sararin sama mara gajimare. A kwamfuta a faɗaɗa hoton ninki biyu, a bi shi firem bayan firem a wurin ganyen da ke cikin inuwa, domin a nan kodek ke fara yin rowa, sannan a ƙara wa saman bambancin haske fiye da yadda za a yi a ainihin aiki a ga inda zai fara tsagewa. Saitin da ya fi ƙanƙanta cikin waɗanda suka tsallake gwajin biyu shi ne na kullum. A yawancin kyamarorin wannan zamani amsar takan faɗo a kan 4K, 10-bit, Long GOP tsakanin megabit 100 da 200, a firem 25 ko 30, a kan katin V30 ko V60, sannan a ajiye All-I a ɗaya daga cikin maɓallan saitin da kyamara ke tunawa, domin a juya zuwa gare shi da sauri idan aka iso magangarar ruwa.